Ɓari da Zubar da Ciki: Tarihin Kalmomi Biyu a Jabi

Bahaushe ya daɗe da rarrabe ɓari da zubar da ciki. Ɓari ƙaddara ce: ungozoma ta yi jinya da ruwan zafi da kunun kanwa, dangi su zo jaje, suna addu'ar Allah Ya kawo rayayye. Zubarwa kuwa, ta jiƙe-jiƙe ko ta asibiti, ɓoye ta ake yi. Dokar Final Kod ta 1959, wadda Abuja ta gada bayan kafa ta a 1976, ta tanadi ɗaurin har shekara 14 a sashe na 232, sai fa don ceton ran uwa. Ke nan matar Jabi da likita ya cire wa ciki don ta rayu, doka ta wanke ta, amma al'ada ba ta tanadar mata kalmar jaje ba. Sai ta ce ɓari ta yi kafin a yi mata sannu.