Yadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke bin sautin da ke tafiya

Mai tsallaka titi yakan ji ƙarar babur tun kafin ya gan shi, ya kuma san ta ɓangaren da yake tahowa. Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne, wadda ke kwatanta saƙonnin da kunnuwa biyu ke kawo mata.

Sauti na tafiya cikin iska da gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa. Idan ya fito daga dama, yakan riga isa kunnen dama da ratar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Kan mutum kuma yakan tare wani sashe nasa, sai ya isa kunnen hagu da rauni. A shekarar 1907, masanin kimiyya ɗan Ingila, Lord Rayleigh, ya bayyana cewa ratar lokaci ta fi amfani wajen gano sauti mai kauri, bambancin ƙarfi kuwa wajen gano siriri.

Saƙonnin kunnuwan kan fara haɗuwa ne a wani gungun ƙwayoyin jijiya da ke gindin ƙwaƙwalwa, kafin su wuce sashen ji da ke gefenta. Idan abin da ke ƙara yana tafiya, bambance-bambancen nan kan riƙa sauyawa, kuma da wannan sauyi ƙwaƙwalwa ke gane inda ya dosa. Tana kuma amfani da sauyin amo, kamar yadda jiniyar motar asibiti ke yin kauri da zarar ta wuce, lamarin da Christian Doppler na ƙasar Ostiriya ya yi bayanin tushensa a 1842.

Sai dai ƙwaƙwalwa ta fi bai wa sautin da ke kusantowa muhimmanci. A 1998, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, John Neuhoff, ya wallafa bincike a mujallar Nature da ya nuna cewa mutane kan ji sauyin sautin da ke ƙaruwa ya fi na wanda ke raguwa, ko da gwargwadon sauyin ɗaya ne. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa masu sauraro kan zaci abin da ke tahowa ya iso tun kafin isowarsa. Masana na ganin wannan kuskure kariya ce, domin yana bai wa mutum damar kaucewa da wuri.

Kariyar tana raguwa idan kunne ɗaya ya samu matsala, ko aka toshe kunnuwa da na'urar sauraro a kan hanya. Haka abin yake idan abin hawan ba ya ƙara. Shi ya sa daga Yulin 2021 Tarayyar Turai ta wajabta wa sabbin motocin lantarki fitar da sauti na musamman yayin da suke tafiya a hankali, domin masu tafiya a ƙasa, musamman makafi, su ji tahowarsu.