Hisabin Kai na Kullum a Tafarkin Katolika: Nazari a kan Addu'a da Binciken Zuciya a Garin Arlit

Tsakure

Wannan maƙala tana nazarin ibadar binciken zuciya wadda mabiya ɗariƙar Katolika suka gada daga Waliyyi Ignatius na Loyola, tana auna ta da halin zaman 'yan tsirarun Kiristocin da aikin uraniyom ya tara a Arlit da Akokan, sa'an nan tana kwatanta ta da muhasabar da malaman tasawwufi suka karantar. Abin da take neman tabbatarwa shi ne, a garin da masu bi ba su da yawa, kuma aiki da tafiya suke yawan raba mutum da majami'a, wannan ibada ta rubu'in sa'a ita ce mafi ƙarfin abin da yake raya imani, muddin an kiyaye jerin da mai ita ya shimfiɗa, watau a gabatar da godiya kafin a kai ga laifi.

Garin da mutanensa

Arlit ba garin gado ba ne irin Agadas, wadda take kudu da shi da tafiyar kimanin kilomita 240, domin kuwa sai a 1969 aka aza harsashinsa a gefen duwatsun Abzin, bayan an kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, wanda ya fara fitar da ma'adini a 1971. Daga baya kamfanin COMINAK ya buɗe ramin Akouta na ƙarƙashin ƙasa a 1978, aka gina wa ma'aikatansa garin Akokan. Da labarin albashi ya bazu, sai mutane suka kwararo daga ƙasar Hausa da ta Zabarmawa, da Benin da Togo da Burkina Faso da Gana da Nijeriya, ban da Turawan Faransa, har garin ya sami laƙabin Paris ta biyu, wanda Idrissou Mora-Kpaï ya ɗauka ya sa wa fim ɗinsa na 2005. A cikin waɗannan baƙi ne mafi yawan 'yan Katolikan garin suka fito, a ƙasar da Kiristocinta duka ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Ta fuskar shugabancin addini, Arlit yana ƙarƙashin dayosis ɗin Maraɗi, wanda aka yanke daga na Yamai a 2001, aka naɗa masa Bishop Ambroise Ouédraogo a matsayin shugaba na farko, kuma jihohi biyar ya haɗa, Maraɗi da Damagaram da Tawa da Diffa da Agadas, ga shi tsakanin kujerar bishop da Arlit akwai fiye da kilomita 900 ta hanyar mota. Wanda ya yi la'akari da wannan nisa, ya haɗa da aikin karɓa-karɓa na dare da rana wanda bai san Lahadi ba, ya haɗa da halin direban da ke kan hanyar Tawa da na mai neman zinariya a Tchibarakaten, lalle zai gane cewa imanin da ya dogara da taron mako-mako kaɗai, a irin wannan wuri, imani ne da ke cikin hatsari.

Asalin ibadar da yadda ake yin ta

Ignatius soja ne ɗan ƙasar Sifen, wanda harsashin igwa ya karya masa ƙafa a yaƙin Pamplona a 1521, jinya ta zame masa sanadin tuba, ya keɓe kansa a Manresa a 1522, inda ya fara rubuta littafinsa na horon ruhu, wanda Fafaroma Paul na Uku ya amince da shi a 1548. Ba shi ya ƙago binciken zuciya ba, tun da masu zuhudun farko na hamadar Masar sun yi shi, kuma tun da majalisar Lateran ta huɗu, a 1215, ta wajabta wa kowane baligi furta zunubansa ga limami aƙalla sau ɗaya a shekara, bincike kafin ikirari ya zama sananne. Abin da ya yi shi ne ya tsara binciken kullum mataki biyar, yadda wanda bai iya karatu ba ma zai riƙe shi a ka.

Mai ibada zai fara da gode wa Allah bisa ni'imomin da ya samu. Sa'an nan ya roƙi alherin da zai sa ya gane laifinsa ya kuma rabu da shi. Sa'an nan ya bi yininsa sa'a bayan sa'a tun daga tashinsa, yana duban tunaninsa, da maganarsa, da aikinsa. Sa'an nan ya nemi gafara. Daga ƙarshe ya ƙudura niyyar gyara da taimakon Allah, ya rufe da Addu'ar Ubangiji. Ban da wannan bincike na gaba ɗaya, ya shimfiɗa wani na musamman, inda mutum zai zaɓi aibi guda, kamar fushi ko giba, ya yi niyyar kiyaye shi da asuba, ya ƙidaya faɗuwarsa bayan abincin rana da bayan na dare, yana ɗiga alama a kan layi, domin ya gwada yau da jiya, wannan mako da wancan.

Wannan ƙidaya ba baƙon abu ba ce ga mutumin Arlit, domin ma'aikacin rami yana rataya 'yar na'urar da take tara lissafin tururin uraniyom da ya shiga jikinsa, saboda cutarwar da ba a gani ba a ji, wadda take taruwa kaɗan-kaɗan, ba ta kamuwa sai da awon yau da kullum. To gafala ma haka take yi wa zuciya. Amma a nan kwatancin ya tsaya, domin na'urar cuta kaɗai take ƙirgawa, alhali kuwa Ignatius ya sa ni'ima a gaba, kuma a ganina wannan jeri shi ne ruhin al'amarin duka.

Maƙwabtaka da muhasaba

Kiristan Arlit yana zaune ne tsakiyar Musulmi, da su yake aiki, da su yake cin kasuwa, saboda haka akwai fa'ida babba ya san cewa maƙwabtansa suna da irin wannan taska. Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, ya gina karantarwarsa a kan tuhumar rai da tonon riya, sa'an nan Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe wa murakaba da muhasaba littafi guda cikin Ihya'u Ulumiddini, littafin da malaman zaure na ƙasar Hausa suka daɗe da sani. Gazali ya ɗauki rai tamkar abokin tarayya a fatauci, wanda ake gindaya wa sharaɗi da safe, a sa masa ido da rana, a yi lissafi da shi da dare, farillai su ne uwar kuɗi, nafiloli riba, saɓo kuwa hasara.

Kamannin a bayyane yake, amma bai kamata son sulhu ya sa a ɓoye bambancin ba. Musulmi yana kai tubarsa ga Ubangiji ba tare da wani a tsakani ba, shi kuwa ɗan Katolika, ko da yake gafarar Allah yake roƙo kowane dare, ya yi imani cewa manyan zunubai sai an kai su ga limami a sakramentin tuba, don haka bincikensa na dare shiri ne na wata ranar da zai buɗe baki ya faɗa. Bayan abin da ya faru a Janairun 2015, sa'ad da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, ina ganin sanin wannan kusanci da wannan bambanci, kowanne a muhallinsa, ya fi jawaban taro amfani ga zaman tare.

Akwai kuma misali na kusa na Kiristan da ya zauna shi kaɗai tsakiyar Musulmi. Charles de Foucauld, limamin Katolika wanda ya zauna cikin Abzinawa a Tamanrasset daga 1905 har aka kashe shi ranar 1 ga Disamba 1916, aka kuma ayyana shi waliyyi a 2022, ya yi watanni ba shi da ikon gabatar da Misa saboda babu wani Kirista tare da shi, har sai da izini ya iso masa a 1908, kuma a cikin wannan kaɗaici addu'a ce ta riƙe shi, da littattafan da yake rubuta tunaninsa da niyyoyinsa. Hanyar da ta tashi daga Arlit ta bi ta Assamaka, ita ce take kaiwa garin da ya zauna.

Laifin bari da hatsarin waswasi

A addu'ar tuba da ake yi farkon Misa, mai ibada yana amsa laifin abin da ya aikata da na abin da ya bari bai aikata ba, kuma wannan kashi na biyu shi ne ya fi nauyi a Arlit. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, mafi yawansu mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe a hamada bayan sun bar Arlit sun nufi Aljeriya, kuma har yanzu waɗanda aka koro daga can, aka zube su kimanin kilomita 15 daga Assamaka, ta garin suke ratsowa. Haka nan ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa a 2003, da Greenpeace a rahotonta na 2010, tare da ƙungiyar Aghir In'Man ta 'yan garin, sun ba da labarin ƙarafan da suka gurɓata da tururin ma'adini suna yawo a kasuwa. Wanda ya zauna da dare yana bin sa'o'insa ɗaya bayan ɗaya, ba makawa ya tambayi kansa ko ya wuce baƙo mai jin ƙishirwa ya kau da kai, ko ya sayar da ƙarfen da yake shakkar asalinsa, ko ya yi shiru a inda magana ta wajaba don tsoron rasa aiki. Binciken da ya taƙaita ga ɓacin rai da mugun tunani, ya tsallake waɗannan, bai cika sharaɗinsa ba.

Sai dai fa akwai rami a ɗaya gefen, wanda Ignatius da kansa ya faɗa ciki a Manresa, lokacin da waswasi ya kama shi yana maimaita ikirarin zunuban da ya riga ya furta, har zuciyarsa ta raya masa ya halaka kansa, abin da ya sa ya rubuta gargaɗi game da waswasi a ƙarshen littafinsa. Tun da COMINAK ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan magidanta suka rasa aiki, wannan hatsari ya ƙaru, domin mutumin da ba shi da abin kai wa gida yakan karanta kowace masifa a matsayin hukunci, kuma in aka koya masa lissafin laifi tsura, an ƙara masa kaya ne a kan kaya. Saboda haka wajibi ne ga limamai da masu koyar da katekisim su nace a kan mataki na farko, su horar da mutum ya ambaci ni'imomi da sunansu, ruwan da ya sha, da lafiyar yaro, da maƙwabcin da ya ranta masa mudun gero, kafin ya taɓa ko laifi guda. Su kuma karantar da matakan biyar da baki cikin Hausa, wadda ita ce harshen kasuwar Arlit, domin matan aure da leburori da 'yan ci-rani waɗanda Faransancin littafin addu'a bai kai gare su ba.