Ranar Malamai a Ƙasar Sin: Tarihin Wani Ƙuduri

A zamanin Juyin Juya Halin Al'adu, wato daga 1966 zuwa 1976, malaman makaranta suna cikin waɗanda suka fi shan wulaƙanci a ƙasar Sin. An jera masu ilmi a sahu na tara cikin maƙiyan jama'a, har ana yi musu laƙabi da "na tara mai wari". Ɗalibai suka riƙa tsai da malamansu a bainar jama'a, ga zagi ga duka. A watan Agusta na 1966, Bian Zhongyun, mataimakiyar shugabar wata makarantar 'yan mata a Beijing, ta mutu a hannun ɗalibanta.

Sai an san wannan kafin a fahimci ƙudurin 21 ga Janairu, 1985, ranar da Zaunannen Kwamitin Majalisar Wakilan Jama'a ya keɓe 10 ga Satumba ta zama Ranar Malamai. Ƙudurin bai ƙara wa kowa ko anini ba. Nauyinsa shi ne, hukumar da ta zubar da mutuncin malami jiya, ita ce ta dawo tana umartar a girmama shi. Ranar kuwa ta faɗo a farkon shekarar karatu, sa'ad da sababbin ɗalibai ke haɗuwa da malamansu.

A ranar 31 ga Oktoba, 1993, aka zartar da Dokar Malamai, wadda ta tanadi kada matsakaicin albashinsu ya gaza na ma'aikatan gwamnati. Duk da haka, a shekarun 1990 malaman karkara da dama sun yi ta bin ƙananan hukumomi bashin albashi na watanni.