Tarihin Dabarun Juya Tunanin Direbobi a Kamfanin Uber

Wannan muƙala za ta bi diddigin wata tambaya: yaya kamfani zai sa mutum aiki alhali bai ɗauke shi ma'aikaci ba? Uber, wanda aka kafa a San Francisco a 2009, ya ɗauki direbobinsa a matsayin masu zaman kansu. Ke nan ba ya da ikon ƙayyade musu lokacin aiki, amma yana bukatar motoci bisa hanya kowane lokaci. Sai ya nemi mafita daga ilimin halayyar ɗan'adam.

Tushen dabarun ya girmi kamfanin. A 1957 Skinner da Ferster sun nuna cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi ɗaure dabba ga maimaita aiki. A 1979 Kahneman da Tversky suka bayyana cewa zafin asara ya fi daɗin riba nauyi a zuciya. A 1997 Camerer da abokansa suka lura cewa direbobin tasi na New York da dama kan sa wa kansu adadin kuɗi a yini, su tashi aiki in sun cika shi.

A watan Afrilu 2017 jaridar New York Times ta bayyana yadda Uber ke amfani da irin wannan sani. In direba zai rufe manhaja, sai saƙo ya tuna masa cewa saura kaɗan ya cika wani adadi. Kafin ya sauke fasinja an turo masa wani, don kada ya samu sararin tunanin hutu. Akwai kuma lambobin yabo, waɗanda ba su ƙara masa ko kwabo.

Muhimmancin wannan ya fito fili a gaban shari'a. Ranar 4 ga Maris 2020 kotun ƙoli ta Faransa ta yanke cewa wani direban Uber ma'aikaci ne, domin kamfanin ke ba da umarni, yana sa ido, yana kuma hukuntawa. Kotun ƙolin Birtaniya ta amince wa direbobi da haƙƙin mafi ƙarancin albashi a 2021.

A taƙaice, iko bai gushe ba, wuri ya sake: daga bakin shugaban aiki ya koma cikin manhaja. Aikin da ya rage ga masu nazarin tarihin ƙwadago shi ne auna ƴancin da ake cewa direba na da shi.