Shari'ar Tsohuwar Bentley: Mene ne Ake Saye?

A shekarar 1990 wata babbar kotu a Landan ta saurari ƙarar da ta shafi tsohuwar motar tsere ƙirar Bentley, wadda ake yi wa laƙabi da Old Number One. Ita ce ta lashe tseren awa 24 na Le Mans, a Faransa, a 1929 da 1930, kuma duka biyun Woolf Barnato yana cikin matuƙanta.

Mai motar, Edward Hubbard, ya yi ciniki da kamfanin Middlebridge a kan fam miliyan 10. Daga baya kamfanin ya janye, yana mai cewa abin da aka sallama masa ba motar Le Mans ba ce. Hujjarsa kuwa ba ta banza ba ce: an sha sauya wa motar sassa, an sake ƙera ta don tseren Brooklands, inda ta yi haɗari a 1932 har matuƙinta Clive Dunfee ya rasu, aka kuma sake gina ta. Kaɗan ne ya rage daga ƙarfen 1929.

Alƙali Otton bai tsaya ƙirga ƙusoshi ba. Ya duba ko tarihin motar ya taɓa yankewa, ya ga bai yanke ba, kuma babu wata mota da za ta iya da'awar wannan suna. Hubbard ya yi nasara. Lokacin kuma kasuwar tsofaffin motoci, wadda ta kai ƙololuwa a 1989, ta riga ta fara faɗuwa.