Bindiga da Sarauta a Birnin Kano: Waiwaye Daga Unguwar Sheshe

Gabatarwa

Unguwar Sheshe tana daga cikin tsofaffin unguwannin da ke cikin ganuwar birnin Kano. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci kuma H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, ya kawo sunan Sheshe a jerin Wangarawan da suka zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji ɗan Tsamiya (1349-1385) ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite, tare da su Mandawari da Famori da Limamin Madatai, su wajen 40. Ilimi da addini suka shigo da su, kuma ko da Yaji ya ɗaura ɗamarar yaƙin Santolo, addu'a ya nema a wurinsu. Tun daga wancan zamani, malami da ɗan kasuwa da mai sana'a da ke zaune a unguwa irin wannan sun dogara ne ga ganuwa da ƙofofinta da rundunar sarki wajen tsaron rai da dukiya.

Wannan maƙala za ta bi sawun bindiga a Kano, daga zuwanta har zuwa muhawarar da ake yi a kan ko ya dace talaka ya mallake ta don kare kansa. Abin da tarihi ya nuna shi ne, kwari da baka da takobi da gora sun daɗe a hannun jama'a, amma ita bindiga tun fil azal kayan hukuma ce, kuma kowace hukuma da ta zo sai ta ƙara damƙe ta.

Zuwan bindiga

Kalmomin kansu suna da labari. Bindiga daga Larabci take, wato bunduƙiyya, haka nan albarushi daga albarud, harsashi kuwa daga arrasas, ma'ana dalma. Wannan ya nuna cewa ta bakin Larabawa da mutanen Borno Bahaushe ya fara jin labarin wannan makami. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Dauda (1421-1438) wani basarake mai suna Dagaci ya zo daga Borno da tambura da kakaki da tutoci da bindigogi. Masana tarihi da dama suna ɗari-ɗari da wannan magana, domin a wancan ƙarni ko a ƙasashen Turai da na Larabawa bindigar hannu ba ta gama yaɗuwa ba, kuma mai yiwuwa marubucin ya auna da ne da ma'aunin zamaninsa. Abin da babu jayayya a kansa shi ne na Mai Idris Aloma na Borno a ƙarshen ƙarni na 16. Limaminsa Ahmad bn Fartuwa ya rubuta cewa yana da Turkawa maharba bindiga, da bayin gida da aka koya wa harbi, kuma ya kawo yaƙi har ƙasar Kano. A 1591 kuma sojojin Maroko masu bindiga suka karya daular Songhai a Tondibi.

Duk da haka, sai a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743) Tarihin Kano ya sake maganar shigowar bindigogi, wannan karon daga ƙasar Nufe, tare da garkuwoyi. Ke nan hanya ta juya kudu, inda Turawan bakin teku suke musayar bindiga da bayi. Kumbari sarki ne mai son yaƙi, kuma littafin ya nuna ya matsa wa Kasuwar Kurmi da haraji har Larabawa suka ƙaura zuwa Katsina. Yana da kyau malamai su riƙa haɗa wa ɗalibai waɗannan labarai biyu, domin makami mai tsada daga aljihun 'yan kasuwa kuɗinsa ke fitowa. Bayansa, Sarki Babba Zaki (1768-1776) shi ne na farko da ya kafa 'yan bindiga masu tsaron sarki a Kano.

Dalilin da doki da baka suka daɗe

Wani zai yi mamakin yadda bindiga ta yi sama da shekara 100 a Kano ba ta kawar da doki da baka ba. Bindigar wancan zamani ta baki ake ɗura ta. Sai an zuba albarushi, an cusa tsumma, an saka dalma ko guntun ƙarfe, an daddanna da sanda, sannan ƙanƙarar dutse ta ba da tartsatsi. Kafin a gama wannan hidima, gwanin baka ya saki kibau masu dafi da yawa, barde kuma ya iso da mashinsa. Idan damina ta sauka albarushi ya jiƙe, to bindiga ta zama sanda. Wani lokaci ma bututun ne ke fashewa ya illata mai harbin. Sunan da aka laƙaba mata, harba-ka-ruga, ya isa bayani.

Akwai kuma maganar daraja. Tun zamanin Kanajeji (1390-1410), wanda ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali, martabar namiji a fagen fama tana kan doki ne. Ɗan sarki ko hakimi ba zai sauka ƙasa ya tsaya ɗurin albarushi ba. Saboda haka aka bar bindiga ga bayin sarki, kuma wannan ya yi wa sarakuna daidai, domin bawa ba shi da gadon sarauta balle ya juya makamin ya nemi gadon mulki. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai sauya wannan ba. A Tafkin Kwatto a 1804 'yan baka ne suka karya dawakin Gobir, kuma 'yan bindigar fada ba su hana Sarki Alwali rasa Kano ba. A 1826 Baturen nan Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye wani garin Gobirawa, dubban mayaƙa, amma bindigogin da ya ƙidaya ba su kai 50 ba.

Bayanin da ya fi kusa da Sheshe shi ne na Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, da ya zauna a Kano a 1851 zamanin Sarki Usman. Ya ƙiyasta cewa ruwan takobi wajen 50,000 ke shigowa Kasuwar Kurmi a shekara, galibi daga garin Solingen na Jamus. Bindigogi kuwa kaɗan ya gani, sai wasu masu araha na Amurkawa da suka fara ɓullowa ta Nufe. Ƙananan bindigogin hannu, in ji shi, ba a baje su a kasuwa. A keɓe fatake ke sayar wa 'ya'yan sarki da manyan gari. Ashe ke nan tun a lokacin ƙaramar bindiga abar sirri ce tsakanin attajiri da basarake, mutumin unguwa sai dai ya ji labari.

Ƙarshen ƙarni na 19

Daga zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ƙarfin manyan bayin fada irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama ya ƙaru ƙwarai, kuma riƙon makaman fada yana cikin sirrin wannan ƙarfi. Maƙwabta ne suka tilasta wa Kano ta ƙara ƙaimi. A arewa, Sarkin Damagaram Tanimu ya tara dubban bindigogi, har ana ƙera igwa da haɗa albarushi a birninsa. A gabas, Rabe ya ci Borno a 1893 da runduna wadda ba ta kai ta Shehu yawa ba, amma tana da horo da bindigogin zamani. A cikin gida kuma Yaƙin Basasa ya ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, ya ƙare da rasuwar Tukur a 1895. Wanda ya yi nasara, Sarki Aliyu Babba, ana yi masa laƙabi da Alu Maisango, shi kuwa sango wani mashi ne da ake cusawa a bindiga a harbi giwa. A ƙarshen shekarun 1890 Sarkin Damagaram Ahmadu Kuren Daga ya kawo hari har kusa da birni.

Amma a daidai lokacin da sarakuna suka gane muhimmancin bindiga, a lokacin aka rufe musu ƙofa. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Brussels a 1890 ta hana sayar da bindigogin zamani a mafi yawan Afirka, sai tsofaffin masu ƙanƙara. An ce don a kashe cinikin bayi aka yi, sai dai amfaninta ga masu shirin mamaya a fili yake. A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji ƙasa da 800, da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4. Ya fasa Bebeji, ran 3 ga Fabrairu ya iso Kano alhali Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Ƙofar Dukawuya ta gagara, aka koma ta Kabuga aka shiga, kuma kafin faɗuwar rana birnin ya faɗi. Waziri Ahmadu da mahayansa suka yi shahada a Kwatarkwashi suna kai sukuwa kan sojojin da ke tsaye da bindigogi masu cin harsashi da yawa. Da Wambai Abbas ya dawo da sauran jama'a, sai da aka karɓe bindigoginsu kafin Lugga ya naɗa shi sarki. Bayan shekara 3, mutanen Satiru da ke kusa da Sakkwato suka fatattaki wata ƙungiyar sojan Turawa da gatura da fartanya, ramuwar da ta biyo baya kuwa ta shafe garin baki ɗaya.

Daga nan bindigar fada ta zama ta ado. Ita ce 'yan bindigar sarki ke bugawa a hawan Sallah, albarushi zalla babu dalma, hayaƙi ya turnuƙe, yara su toshe kunne. Maharba da manoma kuma aka bar musu adaka don farauta da korar birai.

Dokar 1959

Dokar Makamai da ta fara aiki a 1959, wadda aka sake tattarawa cikin dokokin tarayya a 2004, ta kasa bindigogi gida uku. Masu ɗurin baki irin su adaka, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinsu. Bindigogin farauta na zamani sai da lasisin Sufeto Janar. Kaso na uku shi ne na makaman da aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma abin lura, libarba da fistol suna cikin wannan kaso tare da igwa da bindiga mai sarrafa kanta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: doguwar bindiga kowa na ganinta a kafaɗa, ƙarama kuwa aljihun riga ya ishe ta. Wanda aka kama da irin wannan ba izini yana fuskantar ɗaurin shekara 10. Tsarin mulkin 1999 ya sanya makamai da harsasai cikin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka gwamna ba shi da ikon halatta su.

Wannan ya sha bamban da Amurka, inda gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulki a 1791 ya tabbatar da haƙƙin riƙe makami, kuma a 2008 kotun ƙolinsu ta yanke cewa mutum yana da damar ajiye ƙaramar bindiga a gida don kare kansa. Can masu sha'awar bindiga suna gardama a kan wacce ta fi daɗin riƙo, jam'iyyu kuma suna neman ƙuri'a da maganar. Matasanmu da ke ganin haka a finafinai da intanet ya kamata a fahimtar da su cewa tushen tarihin ba ɗaya ba ne. Su ƙasarsu an kafa ta ne da tawayen mazauna masu makamai, mu kuwa ba a taɓa yin zamanin da bindiga ta zama haƙƙin kowa ba.

Muhawarar yau

Riƙon da hukuma ta yi wa bindiga yana tattare da alkawari, kuma sashe na 14 na tsarin mulki ya faɗe shi: tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban aikin gwamnati. Kano ta ga lokutan da alkawarin ya yi rauni, kamar rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a 'Yan Awaki wanda ya ci rayuka sama da 4,000, da hare-haren 20 ga Janairun 2012 da suka kashe mutum aƙalla 185. Bayan yaƙin basasar Nijeriya aka yi dokar kisa kan fashi da makami a 1970, bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011 kuma makamai suka malalo ta Sahara, wato dai tsohuwar hanyar fatake. Kalmar 'yan bindiga, wadda a da take nufin masu tsaron sarki, yanzu a rediyo ɓarayin daji take nufi.

A Maris 2018 Janar T. Y. Danjuma ya yi kira a Jalingo cewa jama'a su kare kansu. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya faɗi irin haka, a Yunin 2022 kuma gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta umarci jama'a su nemi lasisin bindiga, shugabannin tsaro na tarayya suka ce ba hurumin gwamna ba ne. Masu goyon baya suna cewa doka mai bin doka kawai ta ɗaure, tunda ɓarawo ba ya neman lasisi, kuma shari'a ta yarda mutum ya kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa. Masu adawa suna nuni da abin da ya faru da 'yan sa-kai a Zamfara, inda kisan ramuwa ya mai da satar shanu gaba tsakanin Hausawa da Fulani. A ganina hujjar farko tana da ƙarfi a ƙauyen da babu ofishin 'yan sanda kusa, amma ba ta da shi a lungunan birni irin na Sheshe, inda gidaje ke manne da juna, kuma faɗan daba da wuƙa da gora ma ya ishi unguwanni.

Abin da gwamnoni suka koma yi ya fi kama da na Babba Zaki fiye da na Amurka. A Oktoban 2023 Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, a Janairun 2024 Zamfara ta kafa Askarawa: zaɓaɓɓun mutane, da horo da albashi, suna riƙe da makamin da hukuma ta ba su kuma take iya karɓewa. A ƙarshen 2025 hare-haren ɓarayin daji sun taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke kan iyakar Katsina, kuma da haka maganar ta shigo Jihar Kano.