Idan Jagora Ya Kwanta Dama: Ɗorewar Ƙungiyoyin Makaɗa a Ƙasar Sakkwato

Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce a duba abin da kan sami ƙungiyar makaɗa bayan ta rasa jagoranta ko wani ginshiƙi daga cikinta. Me ya sa wata ƙungiya kan ɗore har jikoki, wata kuwa ta watse tun ba a yi sadakar arba'in ba? Za a ɗauko yawancin misalai daga tsohon Lardin Sakkwato, watau ƙasar da a yau ta kasu jihohi uku, Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Al'amarin ya shafi kowace fada, tun daga ta Sarkin Musulmi har zuwa ta uwayen ƙasa irin su Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe, domin a ƙasar Hausa ba a raba sarauta da kiɗa. Duk ranar da aka rasa makaɗin fada, ana iya rasa wani yanki na tarihin gidan sarautar tare da shi. Amma tun da matsalar ba ta Hausawa ce kaɗai ba, ya kyautu a fara leƙa yadda ta kasance a wasu ƙasashe.

Misalai Daga Ƙetare

Turawa suna da wani kiɗa da suke kira metal, watau ƙarfe, saboda tsananin ƙarar jitocin lantarki da gangunan da ake yin sa da su. Ƙungiyoyinsa ba su cika wuce mutum huɗu ko biyar ba, don haka rashin mutum guda babban giɓi ne.

A shekarar 1980 ƙungiyoyi biyu masu kusanci da wannan kiɗa suka yi rashi. A watan Fabrairu mawaƙin AC/DC ta Ostareliya, Bon Scott, ya mutu a Landan. Abokansa suka ɗauko Brian Johnson, kuma kafin ƙarshen watan Yuli suka fitar da faifan Back in Black, wanda ya shiga sahun faya-fayan da aka fi saye a tarihin duniya. A watan Satumba kuma mai gangar Led Zeppelin ta Ingila, John Bonham, ya mutu. Su kuwa sai suka ba da sanarwa a watan Disamba cewa ƙungiya ta tashi. Bayan shekara shida, ranar 27 ga Satumba, 1986, motar 'yan ƙungiyar Metallica ta Amurka ta kife a ƙasar Suwidin, Cliff Burton ya mutu yana da shekara 24. Cikin 'yan makonni suka ɗauki Jason Newsted suka koma fage, kuma shahararsu mafi girma ta zo ne bayan wannan rashi.

Abin lura shi ne, Led Zeppelin ta yi suna wajen sarrafa kiɗa nan take a kan dandali, kowa yana bin numfashin ɗan'uwansa. Irin wannan sabo ba ya koyuwa ga baƙo cikin wata biyu. Ke nan, ɗorewar ƙungiya ta danganta da inda fasaharta take ajiye: a kan mutum guda take, ko kuwa ta rabu a tsakanin jama'a? Wannan ma'auni shi za a ɗora makaɗan Hausa a kansa.

Tsarin Ƙungiyar Makaɗan Fada

Ƙungiyar makaɗan fada tamkar ƙaramar masarauta ce. Akwai jagora, wanda ke ƙulla waƙa yana ja. Akwai 'yan amshi, waɗanda a Sakkwato da Zamfara ake kira 'yan karɓi. Akwai sanƙira mai kirari da isar da kyauta ga kunnen jama'a. A wasu gidajen kuma akwai Daudun Kiɗa, watau mataimakin jagora, wanda galibi shi ake sa ran zai gaje shi. Masana irin su David Ames da Anthony King, a littafinsu na 1971 kan kalmomin kiɗan Hausa, da kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a nazarce-nazarcensa kan makaɗa da mawaƙa, sun yi bayanin waɗannan muƙamai.

A kiɗan kotso da na taushi, 'yan karɓi su ne kuma masu kiɗan. Har wa yau aikinsu ya wuce maimaita gindin waƙa. Jagora kan fara ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, su kuwa su karɓe su ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna a gida an shirya waƙar, an tace ta, kowa ya hardace ta kafin a kai ta fada. Saboda haka duk waƙar da jagora ya sani, akwai mutum biyar ko shida da suka san ta daga farko har ƙarshe. 'Yan karɓi su ne taskar ƙungiya, kuma a nan ne sirrin ɗorewarta yake.

Gidajen da Suka Ɗore

Babban misali shi ne gidan Usman Ɗankwanda, makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun. Da ya rasu, sai ragamar ƙungiya ta koma hannun ɗansa Abdu Kurna, ƙanensa Musa kuma ya zama Daudun Kiɗa. Wannan Musa shi ne Ɗanƙwairo, wanda ya sami laƙabin tun yana yaro saboda zaƙin muryarsa ya yi kama da na wani mai suna Ƙwairo da ke cikin ƙungiyar mahaifinsa. Ya daɗe yana karɓi kafin ya ja waƙa da kansa, kuma tauraronsa ya haska sosai a zamanin Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu waƙoƙi, haka kuma Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero. Da ya rasu a 1991, 'ya'yansa, waɗanda dama su ne 'yan karɓinsa, suka ci gaba da kotso. Wannan gida ya yi rashin jagora fiye da sau ɗaya, amma kiɗa bai tsaya ba, domin kowane jagora ya rayu da magajinsa a gefensa shekara da shekaru.

Misali na biyu yana kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Dogon Daji da Tambuwal da Jega ta nufi Yawuri. Aliyu Ɗandawo ya yi wa fadar Argungu kiɗa, daga baya ya koma Yawuri, ya rasu a 1966. Ɗansa Sani, wanda a lokacin saurayi ne, ya ɗauki sana'ar. Bai tsaya ga rera waƙoƙin mahaifinsa ba. Ya ƙulla nasa sababbi, ya faɗaɗa fagensa zuwa ga sarakuna da manyan ma'aikata da attajirai na sassa daban-daban, rediyo da kaset kuma suka kai muryarsa inda ta mahaifinsa ba ta kai ba. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, Sani Ɗandawo kuwa ya gada har ya ƙara.

A fadar Sarkin Musulmi kuwa, sarauta ce ke tsare kiɗan. Salihu Jankiɗi ya riƙe muƙamin Sarkin Taushi a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi mulki daga 1938 zuwa 1988. Jankiɗi ya rasu a 1973. Muƙami irin wannan na fada ne, mai riƙe da shi amana aka ba shi. Muddin akwai sarki, akwai hawan salla da naɗin sarauta da tarbar baƙi, to, dole a sami mai kaɗa taushi. Fada kan cike gurbin makaɗi kamar yadda take cike gurbin kowane basarake.

Inda Gado Ya Yi Wuya

Alhaji Mamman Shata Katsina ya sha bamban da waɗannan. Bai gaji kiɗa ba, kuma bai ɗaure kansa ga fada guda ba. Yana da makaɗan kalangu da 'yan amshi, amma amshin nasa gajere ne, layi guda da ake ta maimaitawa, shi kuwa yana zubo ɗiyan waƙa nan take gwargwadon abin da idonsa ya gani a wurin. Ashe 'yan amshin Shata gindin waƙa kaɗai ke hannunsu, rassan suna cikin kansa. Da ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, kalangu na nan, masu kaɗa shi na nan, amma rijiyar da ake ɗebo waƙar ta rufe. Halinsa ya yi kama da na Led Zeppelin da aka ambata a baya. Ɗanmaraya Jos kuwa ya fi wannan ma, domin shi kaɗai ne da kuntiginsa, ba ɗan amshi, ba sanƙira. Rasuwarsa a 2015 ita ce rasuwar ƙungiyar baki ɗaya.

Sai dai kada a ɗauka cewa tsarin karɓi ya isa shi kaɗai. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, makaɗin kotso ne mai 'yan karɓi ƙwararru. Ya rasu a farkon shekarun 1960, kuma har yau idan aka ambaci kiɗan Isa sunansa ne ke fara zuwa. Abin da ya raya waƙoƙinsa a kunnen jama'a shi ne ɗaukar murya da aka yi, da gidajen rediyo da suka yi ta sa su. Darasin da ke nan shi ne, abu biyu ne jagora kan bari. Na farko waƙoƙin da ya riga ya yi, waɗanda ake iya hardacewa. Na biyu azancin ƙulla sabuwa, wanda baiwa ce daga Allah. 'Yan karɓi suna iya tsare na farko. Na biyu kuwa sai an yi dace. Ƙungiyar da ta sami na farko kaɗai takan zama mai gadin taska, ana gayyatar ta don a tuna da mamaci. Wadda ta haɗa biyun ita ce ke ci gaba da rayuwa.

Rashin Ubangida

Akwai wani ginshiƙi na ƙungiyar makaɗan fada wanda ba ya kiɗa ba ya waƙa, watau ubangida. Shi ke ba da gida da gona da doki da tufafi, kuma shi ne abin da waƙar take magana a kansa. Rashinsa kan girgiza ƙungiya kamar rashin jagora. Da aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu, 1966, Ɗanƙwairo ya rasa babban majiɓinci, amma ya tsira domin yana da ƙofofi a wasu fadoji. Wani lokaci kuma makaɗin ne ke riga ubangidan. Sa'idu Faru ya shafe shekaru yana yi wa Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo waƙa, yana yi masa fatan gadon mahaifinsa, amma Allah bai nufe shi da ganin ranar ba, domin ya rasu kafin a naɗa Macciɗo Sarkin Musulmi a 1996.

Abin da ya fi mutuwar ubangida guda illa shi ne raunin da ya sami gidan sarautar kansa. Tsakanin 1967 da 1976 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da baitulmali. Uban ƙasar da a da yake tara haraji da jangali ya koma mai jiran albashi. Wanda ke jiran albashi kuwa ba ya iya ɗaukar nauyin makaɗa goma da iyalansu. Daga shekarun 1990 kuma sai ga waƙar situdiyo, inda mutum guda da fiyano da kwamfuta zai yi abin da a da sai an tara jama'a. Ga makarantar boko ta ɗebe 'ya'yan makaɗa, ga kuma rashin tsaro da ya addabi Zamfara da sassan Sakkwato tun daga shekarun 2010, wanda ya rage bukukuwa da tafiye-tafiyen da makaɗa ke ci da su. Yaron da bai zauna gefen mahaifinsa yana karɓi shekara ashirin ba, da wuya ya zama Daudun Kiɗa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ƙungiyar makaɗa kan tsallake rashin jagora idan abubuwa uku suka haɗu: waƙoƙinta suna hardace a bakin jama'a da yawa, akwai magajin da aka rena tun jagora na da rai, akwai kuma fada ko jama'ar da ke bukatar kiɗan. Ƙasar Sakkwato ta daɗe da waɗannan ukun, shi ya sa gidaje irin na Ɗankwanda da Ɗandawo suka ɗore. A yau kuwa na biyu da na uku sun yi rauni, na farko ma yana hannun tsofaffi.

Manyan makaɗa sun sami masu ɗaukar muryarsu da masu rubuta tarihinsu. Waɗanda ke cikin haɗari su ne makaɗan ƙananan fadoji. Gidan sarautar Tambuwal, alal misali, ya samo asali daga Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, kuma kirari da take na gidaje irin wannan kan ƙunshi jerin sunayen magabata da yaƙe-yaƙe da garuruwan da aka kafa. Haka abin yake a Dogon Daji da Kebbe da sauran gundumomi. Saboda haka akwai aiki a gaban ɗalibai da ma'aikata. Ɗalibin da zai rubuta kundin digiri ya nemi tsohon ɗan karɓi na garinsu, ya ɗauki muryarsa da wayar da ke aljihunsa, ya rubuta waƙoƙin da bayanin mutanen da ke cikinsu. Ma'aikatan al'adu na ƙananan hukumomi su lissafa makaɗan kowace fada da muƙamansu da magadansu, a kai kwafe Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato. Majalisun sarakuna kuma su dubi yiwuwar sanya makaɗan fada cikin waɗanda ake ba alawus, domin mai sana'ar da ba ta ciyar da shi ba zai so ɗansa ya gaje ta ba. An saba zuwa wurin jagora a bar 'yan karɓi a baya, alhali bayan jagora ya kwanta dama su ne kaɗai suka san waƙar.